Kore da Fari: Tarihin Roughriders Daga Bakin Wanda Ya Sha Wuyarsu

Idan aka ce ƙwallon ƙafa a wajenmu, kowa ya san abin da ake nufi: mutum sha ɗaya nan, sha ɗaya can, ga raga biyu. To a ƙasar Kanada ba haka abin yake ba. Wasan da suke kira da wannan suna akasarinsa da hannu ake yi, ƙwallon kuma doguwa ce mai tsini biyu, kamar gwanda. 'Yan wasan na sanye da hular kwano da tulin kariya a kafaɗa, saboda rabin wasan ture ne da kayarwa. Kowane ɓangare mutum 12 ne a fili (mai karatu ya riƙe wannan adadi da kyau, za mu dawo kansa). Wanda ƙwallo ke hannunsa yana da dama uku ya matsa gaba da yadi 10, ko da gudu ko da jifa. In ya kasa, ƙwallo ta koma hannun abokan hamayya. Wanda ya kai ƙwallo ƙarshen fili ya samu maki 6, wanda ya buga ta ta ratsa tsakanin sanduna biyu ya samu 3. Amurkawa ma suna da irin nasu, amma nasu mutum 11 ne, dama huɗu, fili kuma bai kai na Kanada tsawo da faɗi ba. Kada ka kuskura ka ce wa ɗan Kanada duk ɗaya ne, yanzu ka ga ɓacin rai.

Ƙungiyoyi tara ne ke gasar ƙasar, wadda ake kira CFL, kuma abin da ake nema shi ne Kofin Grey, wanda Gwamna Janar Earl Grey ya bayar a 1909. Daga cikin taran nan akwai ɗaya da nake bi tun ina ɗan shekara bakwai, wato Saskatchewan Roughriders, masu kore da fari. Karatu ne ya kai mahaifina birnin Regina a 1975, ya tafi da mu, muka yi shekara shida muka dawo gida. Na manta yawancin abin da na koya a can, har sunayen abokan ajinmu sun ɓace mini, amma wannan ƙungiya ta ƙi sakina. Shi ya sa na ga ya dace in ba masu karatu tarihinta, ko ba komai a san cewa ciwon goyon baya ba a kanmu aka fara shi ba.

Ba za a fahimci ƙungiyar ba sai an fahimci ƙasar da ta fito. Saskatchewan lardi ne a tsakiyar yammacin Kanada, faɗinsa ya kai murabba'in kilomita dubu 651, wato ya haura kashi biyu cikin uku na Nijeriya, amma mutanen cikinsa duka-duka ba su fi miliyan ɗaya da 'yan kai ba. Kudancinsa shimfiɗaɗɗen fili ne, ba dutse ba tudu, gonakin alkama iya ganinka. Su da kansu suna ba'a cewa idan karenka ya gudu, za ka yi kwana uku kana hango shi. Da hunturu sanyi kan kai digiri 30 ko 40 ƙasa da sifiri. A shekarun 1930 fari da guguwar ƙura da karyewar farashin alkama suka haɗu suka durƙusar da lardin, kuma tun daga lokacin ya zama wurin da matasa ke bari su tafi neman kuɗi Alberta ko Ontario ko gaɓar teku. Mutanen da suka rayu a irin wannan hali sun koyi haɗa kai dole: sun kafa ƙungiyar manoman alkama ta haɗin gwiwa, kuma a wurinsu aka fara tsarin da gwamnati ke biyan kuɗin likita ga kowa, a 1962. Ƙungiyar ƙwallonsu ma haka take. Ba ta da wani attajiri da ya mallake ta, ta jama'a ce, kuma ita kaɗai ce babbar ƙungiyar ƙwararru a wannan wasa a duk faɗin lardin. Manomi kan tuƙo mota awa huɗu ko biyar ya zo kallo, ya koma cikin dare.

An kafa ta a watan Satumba na 1910 da sunan Regina Rugby Club, shekara biyar kacal bayan kafa lardin kansa. A 1924 ta zama Regina Roughriders, bayan yaƙin duniya na biyu kuma ta ɗauki sunan lardin gaba ɗaya. Kore da farin da ake tinƙaho da shi yanzu ma ba shi ne launinta na asali ba, ja da baƙi ta daɗe tana sawa. A 1948 ne wani jami'in ƙungiyar ya ci karo da riguna kore da fari ana sayarwa da araha a wani shago a Chicago, ya saye. Wato launin da mutane ke fenti a fuska da shi yau, talauci ne ya zaɓa musu.

A yammacin ƙasar ba su da na biyu a farkon zamani, amma da zarar sun hau jirgin ƙasa sun nufi gabas wasan ƙarshe, sai labari ya sha bamban. Zuwansu na farko a 1923, Jami'ar Queen's ta lallasa su 54 da nema, kuma har yau ba a sake yi wa kowa irin wannan kaye a wasan Kofin Grey ba. Suka koma a 1928, 1929, 1930, 1931 da 1932, sau biyar a jere, sau biyar ana koro su. Suka ƙara a 1934, haka. Dalilin ba ɓoyayye ba ne: kuɗi da jama'a da ƙungiyoyi masu ƙarfi duk a gabas suke, wasan ƙarshen ma a can ake yi, su kuwa 'yan Regina sai sun kwana biyu a jirgi kafin su isa. A 1951 suka sake kaiwa, Ottawa ta ci su 21 da 14. Abin dariya a nan shi ne ita ma Ottawa ɗin sunanta Rough Riders, bambancin kawai nata kalma biyu ne, namu a haɗe. Gasa mai ƙungiya tara, biyu suna ɗaya, kuma haka aka zauna har ta Ottawa ta rushe a 1996.

Kafin su ɗanɗana daɗi sai da suka ga abin da ya fi rashin kofi ciwo. Ranar 9 ga Disamba, 1956, wani jirgin saman fasinja da ya tashi daga Vancouver ya yi karo da Dutsen Slesse a lardin British Columbia, duk mutum 62 da ke ciki suka rasu. A cikinsu akwai 'yan wasan Riders huɗu da ke dawowa daga wasan zaratan 'yan wasa: Mel Becket, Mario DeMarco, Gordon Sturtridge da Ray Syrnyk. Sai bayan watanni aka gano inda jirgin ya faɗi. Ƙungiyar ta jingine lambobin rigunansu, 40, 55, 73 da 56, babu wanda ya sake sawa. A gari ƙarami kamar Regina na wancan lokaci waɗannan ba taurari ba ne da ake gani daga nesa, mutane ne da ake haɗuwa da su a kanti da gidan mai.

Sai 1963, shekarar da mutum biyu suka iso, kuma a ganina duk wanda zai rubuta tarihin ƙungiyar nan a kansu zai fi daɗewa. Na farko Ron Lancaster, mai jifa, wato madugun da kowane hari ke farawa daga hannunsa. Gajere ne a ma'aunin masu wannan aiki, Ottawa ta ga ba ta da buƙatarsa ta sallamo shi a kan kuɗi kaɗan. Na biyu George Reed, baƙar fata haifaffen Mississippi ta Amurka, mai gudu da ƙwallo. A shekarar farko suka nuna abin da za su iya: a wasan share fage na gida da waje, Calgary ta ci su 35 da 9 a karon farko, kowa ya ce an gama, sai suka dawo gida suka ci 39 da 12, jimilla 48 da 47. Bayan shekara uku, a 1966, suka je Vancouver suka doke Ottawa 29 da 14, suka ɗauki kofin farko bayan shekara 56 da kafuwa. Reed ne ya rufe wasan da wani gudu na yadi 31 ta tsakiyar masu tsaro.

Salon Reed ba na gwaninta ba ne. Ba ya kewaye mutum, ta kansa yake bi. Kowa a filin, har mai sayar da gyaɗa, ya san shi za a miƙa wa ƙwallo idan saura yadi biyu, kuma duk da haka ba a iya tare shi. Ya yi shekara 13 yana wannan aiki, ya tara yadi 16,116, ya kai ƙwallo ƙarshen fili da gudu sau 134. Abin da ba a cika faɗa ba a wancan lokaci, amma shi ya faɗa da bakinsa daga baya, shi ne irin wariyar da ya gani a garin da ke yi masa tafi ranar wasa: wahalar da ya sha kafin ya samu wanda zai ba shi hayar gida, saboda launin fatarsa. Bai gudu ba. Ya zauna, ya shugabanci ƙungiyar ƙwadago ta 'yan wasa na tsawon shekaru, ya yi ta aikin taimakon naƙasassu har ƙasar ta ba shi lambar girmamawa a 1978. Ni kuwa a 1975, shekararsa ta ƙarshe a fili, ina yaro baƙi ɗaya tilo a ajinmu. Da yaran suka rasa inda za su ajiye ni, sai suka ajiye ni a inda suka sani: duk lokacin da aka fita wasa a harabar makaranta, ni ne George Reed, a miƙa mini ƙwallo in ruga. Ban san komai game da wasan ba, amma na gane cewa sunan nan ya buɗe mini ƙofar da ba lallai ta buɗu ba. Daga nan abin ya samo asali. Reed ya rasu ranar 1 ga Oktoba, 2023, saura kwana ɗaya ya cika shekara 84. Shi da Lancaster, wanda ya riga shi tun 2008, ga gumakansu nan tsaye a ƙofar sabon filin wasa.

Kada mai karatu ya zaci zamaninsu zamanin kwasar kofuna ne. Kofi ɗaya suka ci. Sun kai wasan ƙarshe a 1967, 1969, 1972 da 1976, duk aka ci su. Na 1976 shi ne na farko da na kalla da wayona, a falon wata tsohuwa maƙwabciyarmu 'yar asalin Yukren. Jikokinta na ce mata Baba, wanda a harshensu kaka ke nan, mu ma muka bi sahu ba tare da wahala ba tunda a Hausa ma ana kiran tsohuwa haka. Muna gaba da 20 da 16, saura daƙiƙa 20 a tashi, sai Tom Clements na Ottawa ya jefa wa Tony Gabriel ƙwallo ya cafke a ƙarshen fili. Aka tashi 23 da 20. Baba ta miƙe ta kashe talabijin, ta shiga kicin ta fito da faranti cike da ɗan wake irin nasu mai cikin dankali, ta ce, "Ku ci, yarana, akwai baɗi." Mahaifina, wanda har ya bar ƙasar bai gane dokokin wasan ba, ya ce da ni a hanya, "Kai kuma me ya yi zafi har da hawaye, garinku ne?"

Baɗin da Baba ta yi alkawari bai zo da wuri ba. Daga 1977 zuwa 1987, shekara 11 cur, ƙungiyar ba ta ko shiga wasannin share fage ba, a gasar da ƙungiya shida cikin tara ke shiga. Sai mutum ya yi da gaske kafin ya iya irin wannan faɗuwa. Lancaster ya tsufa a fili, har 'yan kallon gida suka yi masa ihu a wasansa na ƙarshe a Regina a 1978, abin da har yau tsofaffin magoya baya ba sa son a tuna musu. Ya zama koci, ya ci wasa biyu cikin 16 a 1979, ya maimaita haka a 1980. Amma a wannan 1979 ɗin ne aka yi abin da ya fi bayyana mini halin mutanen. Asusun ƙungiya ya bushe, ana maganar rushewa, sai aka yi kira ga jama'a su cika fili a wasan gida na ƙarshe. Mutum sama da dubu 28 suka zo, cikin sanyin ƙarshen Oktoba, kallon ƙungiyar da ta fi kowace lalacewa a ƙasar. A 1987 sai da aka yi gidauniya ta talabijin ana roƙon mutane su sayi tikiti don kada ƙungiyar ta mutu, aka sake yin haka a 1997. Sau biyu ana kai ta bakin kabari, sau biyu manoma da malaman makaranta da 'yan fansho suna dawo da ita.

Na sha tambayar kaina dalili, kuma amsar da na tsaya a kai ita ce hijira. Lardin da 'ya'yansa ke watsewa yana buƙatar abu ɗaya da zai riƙa tara su, ƙungiyar nan kuwa ita ce abin. Shi ya sa duk filin da Riders suka je a Kanada, ko Calgary ko Edmonton ko Vancouver, za ka ga ɓangare guda ya yi kore shar: 'yan Saskatchewan ne da suka bar gida, da 'ya'yansu da ba su taɓa zama a can ba. Wasu har ƙwarya suke yi da kankana su kifa a ka a matsayin hular kwano. Ni ma, in an bi ta wannan lissafi, ɗan ci-rani ne kamar su, sai dai tawa tafiyar ta fi nisa.

Bayan mun dawo gida a 1981, Baba ce ta riƙe ni. Duk ƙarshen wata sai ta yanko shafukan wasanni na jaridar Leader-Post ta zuba a ambulan ta aiko. Labari kan iso bayan sati uku ko huɗu, wato ina murna ko baƙin cikin abin da mutanen Regina suka riga suka manta. Haka na samu labarin 1989. A shekarar ƙungiyar ba ta taka wata rawar a zo a gani ba, ta ci tara an ci ta tara. Amma a wasan ƙarshe na yamma ta je har Edmonton, wadda ta ci wasa 16 cikin 18 a kakar, ta doke ta 32 da 21. Sai wasan kofi ranar 26 ga Nuwamba a Toronto, da Hamilton. Mutane da yawa har gobe suna cewa ba a taɓa wasan Kofin Grey kamarsa ba. Kent Austin ya yi jifa na yadi 474. Saura ƙasa da minti ɗaya muna gaba da 40 da 33, Tony Champion na Hamilton, da karyayyen haƙarƙari, ya yi tsalle da baya ya cafke wata ƙwallo da ba ta kamuwa, aka yi kunnen doki. Austin ya sake tura mu gaba, Dave Ridgway ya zo ya buga daga yadi 35, ta shiga. 43 da 40. Wannan karon Baba ba jarida kawai ta aiko ba, har da kaset ɗin bidiyo. Sai ga wata matsala: tsarin bidiyon Kanada daban da namu, na'urar gidanmu ta ƙi nuna komai sai layuka. Na yi kusan sati biyu ina yawo da kaset a aljihu kafin na samu mai na'urar da ke cin kowane tsari, wani mai ɗaukar bidiyon biki. Muka zauna ni da shi muka kalla. Ya yi haƙuri har ƙarshe, sannan ya ce, "Malam, wai su waɗannan faɗa suke ko wasa?" Baba ta rasu bayan shekara biyu, kaset ɗin na nan a akwatina.

Shekarun 1990 na ruɗani ne ga gasar baki ɗaya. Neman kuɗi ya sa aka buɗe ƙungiyoyi a Amurka daga 1993 zuwa 1995, kuma da aka kawo wasan kofi Regina karon farko a 1995, wata ƙungiyar Baltimore ce ta ɗauke shi ta ƙetare iyaka da shi. Mu kuma muka lallaɓa muka kai wasan ƙarshe a 1997, Toronto ta Doug Flutie ta yi mana 47 da 23. Ba abin tsayawa a kai. Abin da ya kamata a faɗa, don kada a ce ina yabon dangi, shi ne abin da ya faru a 2004. Mai bugunmu Paul McCallum ya ɓarar da wani bugu mai sauƙi daga yadi 18 a wasan ƙarshe na yamma, sai wasu marasa kunya suka je unguwarsu suka yi jifa da ƙwai suka zubar da taki. Son da ya sa mutum tuƙin awa biyar, shi ne dai wanda ke sa wani ya ɗebi kashin shanu ya nufi gidan mutum da iyalinsa a ciki. Mutanen gari da yawa sun fito sun ba shi haƙuri, amma tabon ya zauna.

Zuwan intanet ya raba ni da jiran ambulan, ya haɗa ni da rashin barci, domin lokacin da ake fara wasan kofi a can, a nan sha biyun dare ta wuce. A 2007 a wani shagon intanet na kwana, na biya kuɗin dare, ina sabunta shafi ina karanta sakamako layi-layi yayin da muke doke Winnipeg 23 da 19. Kent Austin ne koci a lokacin, wani mai tsaron baya James Johnson ya sace jifa uku shi kaɗai. Cin Winnipeg na da daɗi na musamman, don su ne maƙwabta kuma abokan gaba, kowace shekara a farkon Satumba ana karawa da su a Regina, bayan sati a koma gidansu.

Yanzu mu koma kan adadin da na ce a riƙe. Tun da daɗewa magoya bayan Riders ke kiran kansu mutum na 13, wato 12 na cikin fili, su kuma da ihunsu su ne ƙarin ɗaya. Suna alfahari da sunan, suna rubuta shi a riga. Ranar 29 ga Nuwamba, 2009, a Calgary, muka haɗu da Montreal, wadda ta ci wasa 15 cikin 18 a kakar, kowa ya ba ta kofin tun kafin a fara. Sai ga mu a gaba da 27 da 11 a zangon ƙarshe. Montreal ta yi ta cin ratar har ta koma 27 da 25. Daƙiƙun ƙarshe, mai bugunsu Damon Duval ya tsaya daga yadi 43. In ta shiga sun ci, in ta kauce kofi namu. Ya buga, ta kauce. Ina sauraren rediyon Regina ta intanet, ƙarfe huɗu na dare ya kusa, na yi tsalle har na ture kujera, 'yan wasanmu sun fara rugawa cikin fili. Sai muryar mai sharhi ta canja. Alƙali ya jefa ƙyalle. An ƙirga 'yan wasanmu a fili an samu 13. Hukuncinsa yadi 10 da sake bugu. Daga yadi 33 Duval bai kuskure ba, aka tashi 28 da 27.

Da marubucin littafi ne ya ƙirƙiri wannan, da masu karatu sun ce ya cika ƙarya. Maigidan da nake haya a wajensa ya ƙwanƙwasa ƙofa ya ce, "Lafiya dai, ko rasuwa aka yi?" Na rasa yadda zan yi masa bayani. Abu ɗaya da na riƙe daga wannan dare shi ne yadda ƙungiyar ta ƙi fitar da sunan wanda ya yi ƙarin. Kocin da ke kula da wannan sashe ya fito ya ce laifinsa ne, a bar yaran. Bayan abin da ya faru a 2004, sun san abin da suke karewa. Shekarar da ta biyo baya muka sake haɗuwa da Montreal ɗin a Edmonton, ta sake cin mu 21 da 18, amma wannan bai yi zafin na farko ba, wanda aka riga aka yi wa kaciya ba ya tsoron aski.

Sakayya ta zo a 2013, kuma ta zo a inda ya dace. An kawo wasan kofi Regina, a tsohon filin Taylor, wanda aka sa wa sunan Piffles Taylor, wani tsohon ɗan wasa kuma shugaban ƙungiyar da ya rasa ido ɗaya a yaƙin duniya na farko ya dawo ya ci gaba da wasa. Mutum 44,710 suka cika shi, kusan duka kore. Abokan karawa Hamilton ne, kocinsu kuwa Kent Austin, mutumin da ya ba mu kofi biyu. Ba a yi wata ja-in-ja ba: Darian Durant na jifa, Kory Sheets ya yi gudun yadi 197, abin da ba a taɓa yi ba a wasan kofi, aka tashi 45 da 23. A 2016 na samu hali na koma Regina karon farko bayan shekara 35, don in ga filin kafin a rushe shi. Ƙungiyar ba ta da kirki a shekarar, wasa biyar ta ci cikin 18, amma bencin katako da iskar da ke ratsa mutum har ƙashi suna nan yadda na bar su. Gidan Baba kuwa wasu 'yan Filifin ne a ciki, da tutar kore a taga. A 2017 aka koma sabon filin Mosaic mai cin mutum dubu 33.

Kofi na biyar ya zo ranar 16 ga Nuwamba, 2025, kuma ya haɗa abu biyu da ba zan iya roƙon fiye da su ba: Montreal muka ci, 25 da 17, kuma a cikin garin Winnipeg muka ɗaga shi. Trevor Harris, mai jifa ɗan shekara 39, shi aka zaɓa gwarzon wasa, Corey Mace ne koci. Lissafin ke nan zuwa wannan rana: zuwa wasan ƙarshe sau 20, cin kofi sau 5, a cikin shekara 115. 'Yata ta fari, wadda ba ta taɓa taka Kanada ba, ita ta riƙe mini waya a daren muna kallo, tana ta ƙirga 'yan wasanmu da yatsa duk lokacin da aka tsaya bugu, don ta san labarin 2009 kamar karatun allo.

Abin da ke raba kan magoya baya tun watan Satumba na 2025 shi ne sanarwar da hukumar gasar ta yi cewa daga kakar 2027 za a rage tsawon fili daga yadi 110 zuwa 100, a rage ƙarshen fili daga yadi 20 zuwa 15, a kuma mayar da sanduna can baya kamar na Amurkawa. Sun ce don a ƙara yawan kai ƙwallo ƙarshen fili ne. Mutum 12 da dama uku da faɗin yadi 65 suna nan ba a taɓa su ba. Ni dai ban ji daɗi ba, kuma dalilina ƙarami ne: layin yadi 55 da ke tsakiyar fili zai ɓace, shi ne kuwa abu na farko da nake nuna wa duk wanda ya leƙo wayata ya ce ai wannan wasan Amurkawa ne.